Daura: Bayanai Sun Cika Uwar Garke, Masu Iya Lalubo Su Ƙalilan Ne

Duk wanda ya taɓa zama a bencin jira na wani ofishi lokacin rajistar ɗalibai ko tantance ma'aikata ya san yadda abin ke gudana. Dattijo ya taso tun da asuba daga wani ƙauye na Baure ko Zango, ya biya kuɗin mota, ya riƙo takardun 'yarsa a cikin leda. Da layi ya zo kansa, matashin da ke gaban kwamfuta ya buga sunan, ya jira, ya sake bugawa, sannan ya ɗago kai cikin ladabi ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, sunan ba ya cikin sistem. Ku dawo ranar Litinin."

Sau da yawa sunan yana nan daram. An rubuta shi A'ishatu, ana nemansa da Aisha. Ko kuma yana cikin wani fayil da aka ajiye tun bara, a wata jaka da wanda ya buɗe ta ya riga ya samu canjin wurin aiki. Yaron da ke kan kujerar bai yi ƙarya ba, iyakar abin da aka koya masa ke nan: ya rubuta suna a ɗan akwatin bincike, in bai fito ba, shi ke nan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kayan aikin da za su warware irin wannan matsala cikin daƙiƙoƙi suna cikin na'urar tun ranar da aka girka ta. Ba a sayen su, ba a biyan kuɗin lasisi, ba sa buƙatar intanet. Sun haura shekara hamsin a duniya.

Gine-gine sun tashi, bayanai sun taru

Cikin shekaru goma da suka wuce Daura ta canza kama. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019. A watan Disambar shekarar ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. A shekarar dai aka buɗe asibitin sojojin sama. Ga Kwalejin Yusufu Bala Usman ta gwamnatin jiha, ga kuma aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 280, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Ƙara da sakatariyoyin ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, da ofisoshin kan iyaka na Kongolam, da bankuna, da cibiyoyin rubuta jarrabawa ta kwamfuta. Kowane ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare yana haifar da rubutu kullum: sunayen ɗalibai, makin jarrabawa, jerin albashi, katin marasa lafiya, rasiɗin biyan kuɗi.

Inda irin wannan rubutu ke taruwa shi ake kira uwar garke, ko sabar a bakin masu harkar. Kwamfuta ce da ba a kashewa, wadda sauran kwamfutoci da wayoyi ke zuwa wajenta su ajiye ko su karɓa. Tana iya zama a wani ɗaki mai sanyi a bayan ofis, tana iya zama a wata cibiyar adana bayanai a Kano ko Abuja ko Legas, ko ma a wata ƙasa, ana hayarta duk wata. Yawancinsu a duniya babbar manhajar Linux ce ke tafiyar da su, kuma da yawa ba su da hotunan da ake dannawa da linzami. Baƙin allo ne kawai, da ɗan layi mai ƙiftawa yana jiran umarni.

Wannan baƙin allon shi ne yawancin yaranmu ke gudu. Tun daga sakandare har zuwa shagunan koyon kwamfuta na cikin gari, abin da aka fi sani da iya kwamfuta shi ne Word da Excel da CorelDraw, sai buga katin biki. Waɗannan sana'o'i ne masu albarka, suna ciyar da gidaje. Sai dai wanda zai riƙe amanar uwar garke yana buƙatar wani ilimin dabam.

Daga ina kayan aikin suka fito?

A 1969, a ɗakin binciken Bell Labs da ke Amurka, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina babbar manhajar Unix. Wajen 1973 Thompson ya fitar da wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna grep. Aikinta ɗaya ne tak: ka ba ta kalma ko wani tsarin haruffa, ka nuna mata fayil, ta karanta shi layi-layi, ta fito maka da duk layin da abin ya bayyana a ciki.

A wannan lokacin ne abokin aikinsu Douglas McIlroy ya matsa aka shigar da dabarar haɗa manhajoji, ta yadda abin da ɗaya ta fitar zai zarce kai tsaye cikin ta biyu. A 1977 Alfred Aho da Peter Weinberger da Brian Kernighan suka samar da awk, wadda ke iya yanko ginshiƙi guda daga jerin bayanai, ta yi lissafi a kansa. Lokacin da Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya fitar da Linux a 1991, irin waɗannan kayan aiki, waɗanda shirin GNU ya sake rubutawa don kowa ya yi amfani da su kyauta, su ne aka haɗa da ita. Shi ya sa yau kusan duk uwar garken da ka shiga za ka same su a ciki.

Masu Windows ma ba a bar su a baya ba. Akwai findstr a tsohon allon umarni, akwai kuma Select-String a cikin PowerShell, wadda Microsoft ta fitar a 2006.

Yadda ake tambayar na'ura

Mu ɗauki misali. A ce akwai jaka mai suna dalibai, cike da fayiloli ɗari bakwai na shekaru dabam-dabam, ana son duk inda aka ambaci Sandamu. Mai aikin zai rubuta:

grep -rin "sandamu" dalibai

Harafin r yana nufin a shiga duk jakunkunan da ke ciki, har ƙasa. Harafin i yana nufin kada a damu da babban baƙi ko ƙarami. Harafin n kuma zai nuna lambar layin da aka samu kalmar. Kafin mutum ya kurɓi shayinsa sakamako ya fito, kowane layi da sunan fayil ɗinsa a gaba. In sunayen fayilolin kawai ake so, sai a sa l. In adadin layukan ake so, sai a sa c. In kuwa ana son duk layin da babu kalmar a ciki, sai a sa v.

Ita kuma find aikinta nemo fayil ɗin kansa, ta hanyar sunansa ko girmansa ko ranar da aka taɓa shi. Wanda ya rubuta find . -name "*.csv" -mtime -7 yana cewa ne: nuna mini duk fayil irin wannan da aka sauya cikin mako gudan nan. Ranar da aka wayi gari ana zargin wani ya taɓa jerin albashi ko makin jarrabawa, wannan tambaya ce ta farko da ya kamata a yi.

Daɗin abin yana wajen haɗa su. Kamar mai tankaɗen gari ne da ke da rariya uku, kowace ta fi ta baya ƙananan ido. Ta farko ta ware 'yan Mai'adua daga cikin dubban sunaye, ta biyu ta ware mata daga cikinsu, ta uku ta bar waɗanda ba su kammala biyan kuɗi ba. Tsakanin kowane umarni da na gaba ana sa ɗan tsayayyen layi, haka |, a ƙarshe a ƙara wc -l ta ƙirga abin da ya rage. Aikin da magatakarda biyu za su kwana uku a kansa da biro da rula, layi ɗaya ya gama shi.

Sabis ɗinmu da wutarmu

Akwai dalilin da ya sa wannan ilimi ya fi dacewa da mu fiye da mutanen da suka ƙirƙire shi. Ana shiga uwar garke daga nesa ta wata hanya mai tsaro da ake kira SSH, kuma abin da ke kai-komo tsakaninka da ita rubutu ne zalla. Binciken yana gudana can a cikinta, sakamakon kaɗai ke zuwa wajenka.

Wanda bai san haka ba, sai ya sauke fayil mai nauyin gigabayit biyu a kan kwamfutarsa don ya nemi layi uku a ciki. A ƙauyukan kan iyaka, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci ma wayar ta kama layin Nijar, wannan saukewar ba za ta ƙare ba. Ga tsadar data, musamman tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi da kusan rabi a farkon 2025. In kuma ya yi sa'a fayil ɗin ya sauka, Excel ba ta ɗaukar layuka fiye da miliyan ɗaya da 'yan kai, ita kuwa grep ba ruwanta da yawan layi.

Mun kuma ga abin da ya faru a watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ayyukan wasu bankuna da ofisoshi suka tsaya cik. A rana irin wannan, duk manhajar da sai an je waje ta yi aiki ta zama hoto. Uwar garken da ke cikin gida kuwa, in dai akwai hasken rana ko janareta, kayan bincikenta na nan suna aiki.

Sunayenmu da haruffa masu lanƙwasa

Nan ne matsalar ta zama tamu ta kanmu, kuma nan ne na fi son masu koyarwa su tsaya.

Suna ɗaya a ƙasar Hausa yana iya samun rubutu biyar. Muhammad, Muhammadu, Mohammed, Muhammed, Mohd. Abdullahi, Abdullah, Abdulahi. Sa'adatu da alamar ɗauri, Saadatu babu ita. Malamin firamare ya rubuta nasa, ma'aikacin banki ya rubuta nasa, mai rajistar katin ɗan ƙasa ya rubuta nasa. Tun da JAMB ta wajabta lambar NIN ga masu neman shiga manyan makarantu a 2021, iyaye da yawa suka fahimci tsadar harafi ɗaya.

Akwatin bincike na yawancin manhajojin ofis abin da ka rubuta kawai yake nema. Ita grep tana fahimtar tsari. Duba wannan:

grep -iE "m[uo]ham+[ae]du?" sunaye.txt

Ma'anarsa: bayan m ko u ce ko o, m ɗin tsakiya ko ɗaya ko fiye, bayanta ko a ko e, u ɗin ƙarshe ko tana nan ko babu. Da wannan layi guda an kamo Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Muhamad gaba ɗaya. Asalin wannan dabara lissafi ne da masani Stephen Kleene ya tsara tun shekarun 1950. Amma ba za ta kamo Mamman ko Mamuda ba, kuma ba ta san cewa Indo da A'isha na iya zama mace ɗaya ba, ko Binta da Fatima. Wannan sani sai ɗan gari. Ƙwararren da aka ɗauko daga nesa zai iya rubuta umarnin, amma yaron da ya tashi a Daura shi ya san abin da za a sa a ciki.

Sai batun ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Kafin kwamfutoci su san waɗannan haruffa, masu buga Hausa sun yi dabaru iri-iri. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da salon haruffa masu lanƙwasa da suka taimaki marubuta da maɗaba'u ƙwarai. Irin waɗannan salo suna aron wani maɓalli ne su ɗora masa siffar harafin Hausa. A ido za ka ga ƙasa, amma abin da ke ajiye a cikin fayil ɗin yana iya zama qasa ko }asa. Haka ɗaya ke komawa xaya ko ]aya. Wasu kuma ba su wahalar da kansu ba, kasa da daya kawai suke bugawa.

Sakamakon haka, wanda ya nemi Ɗanladi a tsofaffin fayiloli yana iya samun rabi ya rasa rabi, bai kuma san ya rasa ba. Mai ilimin abin zai rubuta [ƊDX]anladi ya tattaro yawancinsu. Yau akwai tsarin Unicode da ya ba kowane harafinmu lambarsa ta dindindin, kuma hanyar ajiye shi da ta fi yaɗuwa, UTF-8, shi dai Ken Thompson ɗin ne ya tsara ta tare da Rob Pike a 1992. Abin da ya rage mana shi ne ofisoshi su tsaya a kan hanyar rubutu guda, a kuma tabbatar an saita uwar garken a kan UTF-8.

Sawun ɓarawo

Uwar garke tana rubuta tarihin duk abin da ya same ta: wa ya shiga, ƙarfe nawa, daga ina, me ya karye. A Ubuntu, rajistar masu shiga tana zama a /var/log/auth.log. Duk wanda ya taɓa jona sabuwar uwar garke da intanet ya san cewa kafin kwana ɗaya 'yan kutse daga sassan duniya sun fara gwada kalmomin sirri a ƙofarta. Ba su san Daura ba, ba su san mai ita ba, manhajoji ne suka saki suna bin kowace ƙofa.

Mai kula da ita zai nemi kalmomin Failed password a cikin rajistar, ya tura sakamakon ga awk ta yanko adireshin masu gwajin, sort ta jera su, uniq ta ƙirga sau nawa kowanne ya zo. Nan take zai ga wanda ya ƙwanƙwasa sau dubu, ya toshe shi. A watan Disamba na 2021, da aka gano wata babbar ɓaraka a manhajar Log4j wadda dubban kamfanoni ke amfani da ita, abin da ma'aikata a manyan kamfanonin duniya suka fara yi ke nan: find don gano inda manhajar ta ɓuya, grep don duba ko an riga an kawo hari.

Haka in shafin rajistar ɗalibai ya tsaya ana tsakiyar aiki. Kashewa da kunnawa shi ne maganin da muka fi sani. Amma dalilin tsayawar yana rubuce a rajista, ko ma'ajiya ce ta cika, ko rumbun bayanai ne ya daina amsawa. Wanda bai karanta ba, gobe ma sai ta tsaya.

Masu ja da masu tsoro

Ba kowa ne ya yarda da wannan kira ba. Wasu matasa masu harkar fasaha na ganin zamanin baƙin allo ya wuce, tunda akwai manhajoji irin su Splunk da Elasticsearch masu zana komai a hoto, ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da za ka tambaya su rubuta maka umarnin. Suna da gaskiya ta wani gefe: babban banki mai ɗaruruwan uwayen garke ba zai dogara da grep kaɗai ba. Sai dai waɗancan manhajoji suna son kuɗi ko na'ura mai ƙarfi da ƙwararren da zai riƙe su, abubuwan da ƙaramar hukuma ko makarantar gari ba ta da su. Umarnin da wata manhaja ta rubuta maka kuwa, in ba ka iya karanta shi ba, kasada ce ka saka shi a na'urar da ke ɗauke da albashin mutane.

Shugabannin ofisoshi kuma tsoronsu ɓarna. Wannan tsoro yana da tushe. Ita grep karatu kawai take yi, ba ta sauya komai. Amma a allon nan guda akwai rm mai gogewa ba tare da ta tambaye ka ba, akwai sed da in aka ba ta dama za ta sauya rubutu a fayil dubu lokaci ɗaya. Maganin shi ne a ba sabon ma'aikaci izinin karatu kawai, a riƙa ajiye kwafi a wani wuri dabam, kada kowa ya riƙa shiga da babban mabuɗi.

Akwai kuma iyakar da ya kamata a faɗa ƙarara. Waɗannan kayan aiki rubutu zalla suke karantawa. Fayil ɗin Word ko Excel na zamani a dunƙule yake, sai an warware shi ko an mayar da shi CSV. Abin da ke cikin rumbun bayanai irin MySQL da yarensa ake tambayarsa. Takardar da aka ɗauka a hoto kuwa, ko da an sa mata suna PDF, hoto ce har yanzu. Ofisoshi da dama sun ɗauki hotunan tsofaffin fayilolinsu suna ganin sun shiga zamani, alhali ba a iya neman ko kalma ɗaya a ciki. Haka abin yake ga takardun tarihi na ajami da Larabci da ke hannun gidajen malamai da na sarauta: hoton zai kare su daga gara da ruwa, amma sai wani ya zauna ya buga su kafin na'ura ta iya lalube a cikinsu.

Amana

Wanda zai iya lalubo suna cikin daƙiƙa biyu zai iya lalubo sirrin maƙwabcinsa cikin daƙiƙa biyu. A gari irin Daura, inda kusan kowa ya san gidan kowa, ma'aikacin da ya leƙa sakamakon gwajin asibiti na wata baiwar Allah, ko bashin da ke kan wani magidanci, yana iya kashe aure ko ya zubar da mutuncin gida. Addini ya hana bin diddigin sirrin mutane tun kafin a yi kwamfuta. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma kafa hukumar da za ta hukunta mai sakaci. Kwafe sunaye da lambobin mutane a liƙa wa wata manhajar intanet don ta taya ka bincike yana cikin abin da ya kamata a hana a kowane ofis.

Koyon abin kansa ba ya buƙatar sabon gini. Tsohuwar kwamfutar da aka jingine a sito za ta ɗauki Linux. Mai Windows na iya kunna Linux a cikinta ta hanyar WSL. Mai wayar Android na iya sauke Termux ya yi atisaye a ƙarƙashin bishiya. Shirin gwamnatin tarayya na horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha, wanda aka ƙaddamar a 2023, da horon da NITDA ke bayarwa, duk ƙofofi ne da matasan masarautar za su iya bi.

Kirana ga shugabannin manyan makarantun Daura da shugabannin ƙananan hukumomin nan biyar shi ne su ware mako biyu kacal, su zaunar da ma'aikatan da ke riƙe da bayanan jama'a a gaban baƙin allo, a koya musu grep da find da karanta rajista, a yi atisayen da sunayenmu da haruffanmu. Masu shagunan koyar da kwamfuta su ma su ƙara wannan darasi a kan Word da Excel. Na'urorin an riga an saye su, kayan aikin kuma suna ciki.